Kwazazzabo da Kwari: Ina Bambancinsu?

Wani mai karatu daga Gwambe ya tambaya ko kwazazzabo da kwari abu ɗaya ne, domin yana jin masu karanta labarai suna musanya su.

Ba ɗaya ba ne, ko da yake dukansu ƙasa ce da ta yi ƙasa da abin da ke kewaye da ita. Kwari wuri ne mai faɗi da ke gangarawa a hankali, ana noma a cikinsa, ana kiwo, har a kafa gari, kuma kishiyarsa tudu, shi ya sa ake cewa duniya kwari da tudu ce. Kwazazzabo kuwa tsaga ce mai zurfi da ƙunci, gefunanta a tsaye kamar bango, wadda galibi ruwan damina ne ya haƙa ta shekara da shekaru, ya ci ƙasa ya kwashe ta. Mai tafiya yakan gangara kwari da ƙafarsa cikin natsuwa, amma kwazazzabo faɗawa ake yi, don haka ake cewa mota ta ƙwace ta faɗa kwazazzabo. Kalmar namiji ce, jam'inta kwazazzabai, kuma ƙirarta ta yi kama da ta kududdufi, inda gaɓar tsakiya ta maimaitu.

Mai tambayar ba ya buƙatar ƙamus kafin ya gane wannan, domin birnin Gwambe na cikin wuraren da zaizayar ƙasa ta fi addaba a Arewa, inda kwazazzabai suka keta unguwanni suka ci gidaje. Da rani a bushe suke, yara na wasa a ciki, mutane na zuba shara, amma da an yi ruwa mai ƙarfi sai su cika su yi toroƙo. Nan ne kuma kwazazzabo ya bambanta da ƙorama, wadda ruwan da ke gudana ake nufi da ita, da kududdufi, wanda hannun mutum ne ya haƙa shi wajen ɗibar ƙasar gini.

Abin da ke damuna shi ne yadda wasu masu fassara ke kiran kowace shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tsakanin duwatsu kwazazzabo, alhali ana shuka hatsi a cikinta. Wannan kwari ne. Sai dai a kula wajen furuci da rubutu: kwarin da ake zuba kibau karin sautinsa daban ne, ƙwari mai ƙugiya kuwa jam'in ƙwaro ne.