Me ake tunawa a Idin Ƙetarewa?

Malam, ka tambaya ko Idin Ƙetarewa na Yahudawa shi ne Ista. A'a, Idin Ƙetarewa ya girme Ista nesa ba kusa ba. Pesak suke kiransa, kuma tunawa ne da daren da Annabi Musa ya fitar da Bani Isra'ila daga bautar Fir'auna. Yana farawa 15 ga watansu na Nisan, kwana 7 a Isra'ila, 8 a wasu ƙasashe. Gurasa marar yisti ake ci, domin sun fita da gaggawa, ƙullu bai tashi ba. Abin da ya fi taɓa ni shi ne liyafar daren farko: ganye mai ɗaci a faranti, ƙaramin yaron gida ya yi tambaya, manya su ba shi labarin. Yankan ragon hadaya da ake yi a wannan idi kuwa ya tsaya tun da Rumawa suka rushe Haikalin Kudus, babban wurin ibadar Yahudawa, a shekara ta 70 miladiyya.