Sabo zan saya ko na Beljiyam?

Malam, ka ce Camry ɗinka ta 2000 tana shan baƙin mai tana hayaƙi, bakanike ya ce a sauke inji, kana tambayar kayan da za ka saya.

Kafin ka nufi kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano, duba lambar injin a jikinsa. Idan mai silinda huɗu ne kuma ba a taɓa canza shi ba, galibi 5S-FE za ka gani, bel yake amfani da shi wajen taimin, ba sarƙa ba. Da wannan lambar ake sayen kaya, ba da shekarar mota ba, don motocinmu da yawa an taɓa canza musu inji.

Abin da ke cinyewa, wato ringi, gaskit, sil, taimin bel da fulogi, sabo za ka saya. Ringin Beljiyam ya riga ya ci zamaninsa a wani injin. Amma kwayil, kik da altaneta, na fi son na Beljiyam a kan sabo mai araha. Na taɓa sayen sabon kwayil a kwali mai sheƙi, ko wata biyu bai yi ba mota ta fara rawa a danjar Gadon Ƙaya.

Tafi da tsohon kayan a leda, a jera su ka gani da idonka. Ku yi magana da mai shago kan canji idan bai hau ba, ya rubuta a rasit. Kada ka sayi ringi sai an auna silinda, wataƙila sai an yi borin, wato a faɗaɗa ramin silinda, girman ringin ya canza. Tunda an buɗe, a canza famfon ruwa, taimin bel ne ke juya shi.