Filin tambaya da amsa: wai "fara" aikatau ne ko sifa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, mun yi gardama da ƙawata kan kalmar "fara", ita tace aikatau ne ni kuma na dage sifa ce, dan Allah a raba mana gardama kafin jarrabawa.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. To ai ke da ita duk kun faɗi daidai, sai dai akwai ta uku da kuka manta. A rubuce "fara" ɗaya ce, amma a baki kalmomi uku ne da basu haɗa komai ba. In kika ce "ya fara aiki" wannan aikatau ne, ki lura ana jan fa ɗin da murya sama sannan ra ta sauko. In kika ce "farar riga" ko "riga fara" sifa ce, fa ɗin gajere ne kuma muryar a sama take har ƙarshe. Sai kuma "fara ta cinye amfanin gona", wannan suna ne na ƙwaron nan, ana jan fa ɗin a ƙasa ra ta hau sama.

Abinda ya jawo ruɗanin shine rubutunmu na boko baya nuna karin sauti da tsawon wasali, shiyasa manyan ƙamus irin na Bargery da ya fito a 1934 da na Abraham na 1949 suka riƙa sa alama a jikin wasula dan a bambance. Mu da muka tashi da yaren kunne ke mana wannan aikin bama ma lura, sai an ciro kalmar ita kaɗai an ajiye a allo sannan kan mutum ya ɗaure. In kika shiga jarrabawa ki duba me ya zo kafin kalmar: in kinga ya, ta, sun, za su, to aikatau ne. In kuma tana canza kama gwargwadon jinsi da adadi, fari, fara, farare, sifa ce ba tantama. Shi kansa "fari" ɗin kar ki sake da shi, akwai na launi, akwai na rashin ruwan sama, ga kuma ɗan fari.

Tambaya: Malam an ce mana "kyau" ba sifa bace, ni kuma abin ya ƙi zama min, tunda dai siffanta abu yake yi.

Amsa: Wanda ya faɗa maka haka yayi gaskiya ɗan uwa, kuma wallahi nan ne ɗalibai suka fi zubar da maki. "Kyau" suna ne, sunan wani hali. Gwada ka gani, bazaka ce "yarinya kyau" ba, dole sai ka nemo mataimaki kace "yarinya mai kyau" ko "tana da kyau", kamar dai yadda zakace "mai kuɗi" ko "tana da kuɗi", kuma babu wanda zai ce kuɗi sifa ce. Har mallakarsa ana yi, ace kyawunta ko kyanta. Sifar ita ce kyakkyawa, jam'inta kyawawa. Haka zafi da zazzafa, ƙarfi da ƙaƙƙarfa. Tsawo suna ne, dogo, doguwa, dogaye sune sifofin. Ma'ana kaɗai bata isa a yanke hukunci ba, sai anga inda kalmar take iya zama a jimla, ni a ganina da malamai zasu fara koyar da wannan gwajin kafin haddar ma'anar sifa da an huta.

Tambaya: Wane ajin kalma "kai" take?

Amsa: Ya danganta da wace kake nufi Malam. "Kai ne ka zo" wakilin suna. "Kai na ciwo" suna, shi muryarsa faɗuwa take daga sama zuwa ƙasa. "Ya kai saƙo" aikatau. "Kai! bari mana" kalmar motsin rai. In ka turo jimlar da ka ganta a ciki sai mu faɗa maka takamaimai wacce ce.