Wane murhun gashin hayaƙi zan saya wanda ba zai wahalar da ni ba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaci ne, ina zaune a Malali, Kaduna. Yarana sun dame ni da bidiyon gashin naman Amurkawa a YouTube, irin wanda ake rufe nama a murhu, hayaƙi ya dafa shi har ƙashi ya zare da kansa. Ina so in gwada da haƙarƙarin ragon layya bana. Na duba intanet na ga kala-kala: na lantarki, na gas, da wani mai kama da kan jirgin ƙasa. Ni kuwa in ban da masara ban taɓa gasa komai ba. Wanne ya fi sauƙi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya kai mu Sallar lafiya.

Kafin ka fitar da ko kwabo, ka san cewa wannan gashin ba ɗan'uwan tsire ba ne. Mai tsire yana kafa tsinke a tukuba, wuta na dukan nama kai tsaye, ba da jimawa ba an gama. Ba kuma banda ba ce, wadda ake kyafe nama ya bushe don a ajiye. Shi wannan, nama ne ake rufewa nesa da garwashi, zafi ya tsaya tsakanin digiri 110 zuwa 120 na Salshiyos, ya yi awa huɗu, biyar, wani yankan har goma, sai jijiya da kitse sun narke a cikinsa. A bidiyon za ka ji suna cewa 225 ko 250; Faranhait suke nufi, ma'aunin Amurka. Kada ka kai naka 250 na Salshiyos, gawayi za ka kwashe.

To tunda aikin duka na riƙe zafi ne a wuri guda, murhu mai sauƙi shi ne wanda za ka iya sarrafa iskar da ke shiga cikinsa. Iska ita ce linzamin gawayi: ka buɗe ƙofa wuta ta tashi, ka tsuke ta lafa. Murhun da ke yoyon iska ta ko'ina, komai kyan fentinsa, shi zai riƙa juya ka.

Wancan mai kama da kan jirgin ƙasa, mai akwatin wuta a gefe da bututun hayaƙi a ɗaya gefen, shi ne ya fi ɗaukar ido, shi ne kuma nake roƙonka ka bari. Masu sana'a a jihar Tekzas ta Amurka da shi suke aiki, amma nasu ƙarfe ne mai kauri, kuma mutum na tsaye a kansa yana jefa itace duk bayan rabin awa ko fiye kaɗan. Da irinsa na fara. Wani mai walda ya haɗa mini da falle mai laushi, na kunna shi cikin hunturu, iska na kaɗawa. Ɓangaren da ke kusa da wuta ya ƙone, na nesa ko ɗumi bai yi ba, hayaƙi kuwa ta bakin murfi yake fita maimakon bututu. Da na shiga gida maiɗakina ta ce ko bola na ƙona.

Na lantarki, da mai cin ƙwayoyin garin katako irin na kamfanin Traeger, su ne Turawa ke kira masu sauƙi, kuma a ƙasarsu gaskiya suka faɗa: ka murɗa lamba ka tafi harkarka. Amma shi mai ƙwayoyin, injin da ke tura su cikin wuta da fankar da ke hura ta duk da lantarki suke aiki. A Kaduna wa zai yi maka alkawarin wutar awa takwas ba ƙyaftawa? Aka ɗauke a awa ta uku, nama ya huce a ciki, sai tada janareta. Ga ƙwayoyin, ba a tallarsu a bakin titi kamar gawayi, kuma da sun sha raɓar damina sai su kumbura su wargaje. Wanda aka ƙera don Amurka ma wutar bolt 120 yake ci, tamu 230 ce. Na gas ba laifi, yana riƙe zafi, sai dai ɗanɗanon hayaƙinsa bai kai na gawayi ba. Na yumɓun nan mai siffar ƙwai kuma yana da kyau ƙwarai, amma tsada da nauyi, in ya faɗi ya tsage shi ke nan.

Abin da zan ce ka yi: duro a tsaye. Duron nan na ƙarfe mai cin lita 200, mai murfin da ake cirewa gaba ɗaya. Ka kai shi Panteka, kasuwar masu aikin ƙarfe, ka tsaya a kan mai waldar, don in ka ba da baya zai tsaga maka shi a kwance irin na masu gasa kaji, tunda shi ya saba yi. Ya huda ƙofofi uku a can ƙasa, kowace kamar faɗin babban yatsa, da marufin da za ka iya zamewa. Ya yi kwandon gawayi da ragar ƙarfe mai ƙafafu, yadda toka za ta zube ƙasa ba ta shaƙe wuta ba. Ragar ɗora nama ta zauna wajen santimita 60 sama da kwandon. A murfi ya huda 'yan ƙofofin fitar hayaƙi, ya sa mariƙi na katako. Sannan ka kifa murfin ka duba da idonka: in kana hango haske ta gefe, bai zauna ba, a gyara.

Kan duron kansa ka yi taka-tsantsan. Wanda aka zuba man gyaɗa ko wani kayan abinci ake nema. Wanda ya ɗauki maganin feshi, fenti ko sinadarin da ba ka sani ba, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Haka ƙarfe mai ruwan tutiya irin na kwanon rufi, kada ya shiga kwando ko raga, don in ya yi ja yana fitar da tururi mai cutarwa. Kafin amfanin farko ka cika duron da itace ka babbake shi sarai, ka kankare, ka wanke, ka shafe cikin da man gyaɗa, ka sake kunna shi ba nama.

Daɗin duro shi ne yadda yake cin gawayi a hankali. Ka cika kwandon da gawayin da ba a kunna ba, ka cusa guntayen busasshen itace uku ko huɗu kamar dunƙulen hannu, sannan ka zuba jan garwashi cikin tafi biyu a sama. Wuta za ta riƙa bi ƙasa sannu-sannu. In zafi ya kusa digiri 100 ka rufe ƙofa biyu, ka bar ɗaya. Daga nan sai ka yi sallar azahar, ka yi la'asar, yana nan inda ka bar shi. Ƙofofin murfi kuwa a buɗe suke zama kullum.

In walda ba ta kwanta maka ba, kana son na kanti, nemi mai zagayen nan kamar ƙwarya biyu a kife, wanda George Stephen ya fito da shi a 1952 a kamfanin Weber. Gawayi a gefe ɗaya, nama a ɗaya gefen, kwanon ruwa a ƙarƙashinsa. Ya ishi kaji biyu ko haƙarƙari ɗaya, kuma za ka iya gashin yau da kullum a kansa. Masu kwaikwayonsa sun yi yawa. Ka ɗaga murfin ka ji nauyi, ka murza marufin iska ka ga ko yana rufewa ruf.

Gawayin kirya na fi so, yana da nauyi, yana daɗewa. Itacen ƙamshi kuwa mangwaro, gwaiba ko lemu, wanda ya bushe sosai. Ban da darbejiya, ɗacinta na bin nama, ban da ragowar katakon kafinta mai fenti ko gam. Kananzir ma kada ya kusanci wurin. Gwangwanin madara babba da aka huda gindinsa, da tsohuwar jarida a ƙasa, ya isa tada garwashi. Kuma kada ka ɗora nama lokacin da farin hayaƙi ke tuɗaɗowa, jira ya koma siriri, shuɗi-shuɗi, da ƙyar ake ganinsa.

Abu ɗaya da ba zan yarda ka yi rowarsa ba shi ne ma'aunin zafi mai tsinke. Agogon da ake liƙawa a murfi zafin sama yake faɗa, ba na inda naman yake ba. Kaza sai cikinta ya kai digiri 74. Ƙirjin sa da karfatar rago sai wajen 93 suke saki. A hanya, wajen digiri 70, za ka ga ma'aunin ya cije kamar ya lalace. Ruwan naman ne ke fita yana sanyaya shi. Kada ka ƙara wuta. Naɗe shi a takardar foyil da ɗan romo ka mayar. Dabbobinmu na kiwo ba su da kitsen shanun da kake gani a bidiyo, shi ya sa naɗewar ta fi zama dole a wurinmu. Tozo kuwa kamar don wannan gashin aka halicce shi.

A tsakar gida za ka ajiye murhun, inda iska ke wucewa, nesa da yara, ba a gareji ko kicin ba, ko da ruwa ake tsugawa. Gawayi na fitar da iskar guba marar wari, tana kashewa a rufaffen ɗaki. Naman da ya rage kuma a sa a firji, ba ya zama a kwando kamar soyen Sallah.

Kada ragon layya ya zama na gwaji. Makonni biyu kafin Sallah ka sayi kajin gidan gona biyu, ka shafe su da gishiri, tafarnuwa da citta, ka ba su awa uku a duron. Yajin ƙuli ka bar shi sai an sauke, a barbaɗa, don in ya daɗe a wuta yana baƙi.