Filasta a kan ƙoƙon gwiwa: yaya alwala da wanka?

Tambaya: Malam, ƙoƙon gwiwata na ciwo in na hau bene ko na durƙusa. A sashen gashin ƙashi an ɗaure mini shi da filasta mai ƙarfi, aka ce in bar ta kwana uku. Yaya zan yi da alwala da wankan haila?

Amsa: Allah ya ba ki lafiya, 'yar'uwa. Alwalarki ba abin da ya taɓa ta, wankin ƙafa iyakarsa idon sawu.

Wanka ne ke da magana, kuma ba ki faɗi abin da hukuncin ya rataya a kansa ba: cirewar tana cutar da ke? Wannan filasta ba ɗorin karaya ba ce, jan ƙoƙon take yi zuwa mazauninsa don zafi ya ragu. In kin iya mayar da ita da kanki, ki ɓare, ki wanke wurin, ki bari ya bushe, ki sa sabuwa. In kuwa ciwon zai tashi, ko babu mai ɗaura miki sai ranar asibiti, ki jiƙa hannu ki shafe ta duka sau ɗaya, ki wanke fatar da ke kewaye.

Za ki ji masu cewa sai an ɗaura ta da tsarki, kamar huffi (safar fata da ake shafa a kanta a alwala), wasu har su ƙara taimama. Ra'ayin Shafi'iyya ne, ban gamsu da shi ba. Huffi da ganin damarsa mutum ke sawa, kuma janaba na wajabta cire shi. Ciwo kuwa ba ya sallama. Wa zai ce wa mai haila ta jira tsarki kafin a yi mata magani? Abdullahi ɗan Umar ya yi shafa a kan ɗaurin rauni, ya wanke saura. Malikiyya ba su gindaya tsarki ba, ba su ƙayyade kwanaki ba. Haɗa shafa da taimama kuma tsarki biyu ne a kan gaɓa ɗaya.

In filastar ta faɗi bayan kin shafa, ko kina cikin salla, ki yanke sallar, ki mayar ki sake shafawa nan take.

Ki nemi mace ta riƙa ɗaura miki, don sai an buɗe cinya. In fata ta yi ja tana ƙaiƙayi, ki cire. Kada sauƙin da kika ji ya sa ki bar motsa cinyar da aka koya miki. Tunda kina iya tsayuwa, ki yi karatu da ruku'u a tsaye, sujada kaɗai za ki zauna ki yi da nuni. Wallahu a'alam.