Gaskit ya ƙone: gyara ko sauya inji?

Malam, ka ce Golf 3 ɗinka ta yi zafi a hanya, yanzu tana shan ruwa, farin hayaƙi na fita ta salansa, bakanike kuma ya ce a sauke injin kawai. Ni dai ban yarda a yi gaggawa ba.

Fara zaro sandar gwajin mai. In baƙin man ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. Kada ka ƙara tayar da ita, don irin wannan man ba ya kare karanshaf, wato ƙarfen da ke juyawa a ƙasan injin. In man yana nan kalarsa, injin ba ya ƙwanƙwasa, ba ya shan mai tun da can, to gyara ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Amma gyaran ba ɗora sabon gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa, ba ne kaɗai. Kan injin alminiyam ne, zafi na lanƙwasa shi. A kai wa masu gogewa su auna, in ya wuce milimita 0.1 a goge, a duba tsagewa. Kusoshinsa ma sababbi za a sa, don suna miƙewa in an ɗaure. Sannan a nemo abin da ya kawo zafin: lagireto, fanka ko famfon ruwa. In ba haka ba, wata biyu ka dawo.

Injin ɗan Beljiyam kuwa, wato na hannu da ake shigowa da shi daga waje, sa'a ne, ba ka san nisan da ya ci ba. In bulok, wato gangar jikin injin, ya tsage dole ka saya, amma ka je kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano da bakanikenka, ka nemi garanti a rubuce.