Na sake rubuta FLK2, jiran sakamako ya hana ni barci

Tambaya:

Assalamu alaikum Barista. Ni lauya ce, na yi makarantar horar da lauyoyi ta Bagauda, na yi aiki shekara huɗu a Kano kafin aure ya kawo ni Manchesta. Yanzu ina aikin taimaka wa lauyoyi a wani ƙaramin ofis, ina kuma neman zama solisita, wato lauya mai rajista a Ingila da Wels, ta hanyar jarrabawar cancanta da ake kira SQE. Mataki biyu gare ta: SQE1 mai takardu biyu, FLK1 da FLK2, sai kuma SQE2. A Janairu na ci FLK1, na faɗi FLK2 da maki 288. Na sake rubuta ta a Yuli, yau sati biyu ke nan. A daren jarrabawar ɗana ya kwana da zazzaɓi, ban runtsa ba, amma na daure na je, ban gaya wa kowa ba. Tun da na fito barci ya ƙaurace mini, kullum tambayoyin ke yawo a kaina. Mahaifiyata duk waya sai ta tambaya. Me zan yi kafin sakamako ya fito? Idan na sake faɗuwa, shi ke nan?

Amsa:

Wa alaikumus salam. Barista ƙanwata, Allah ya ƙara wa yaro lafiya, ke ma sannu da ɗawainiya.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don na san ita ce ke ci miki rai. A'a, ba shi ke nan ba. Ƙa'idar SRA, hukumar da ke kula da solisitoci a Ingila da Wels, ta ba mutum dama uku a FLK1, uku a FLK2, uku a SQE2, duka a cikin shekara 6 da ake fara ƙirgawa daga ranar da ya fara zama jarrabawa. A FLK2 kin yi amfani da biyu. Idan wannan ba ta yi ba saura ɗaya, kuma FLK1 ɗinki tana nan daram. Sai dai ta ukun tana da nauyi: wanda ya faɗi sau uku sai ya jira shekara shidan ta cika, sannan ya faro komai daga tushe, har takardar da ya riga ya ci. Saboda haka nake so ki yanke shawarar abin da za ki yi yanzu da hankalinki ke jikinki, kada ki bari sai ranar da sakamako ya fito zuciya na tafasa.

Su kuwa tambayoyin da ke yawo a kanki, kada ki ɗauke su shaida. Tambaya 180 kika amsa a yini ɗaya, zama biyu, kowane zama tambaya 90 cikin awa 2 da minti 33. Kowace tambaya ke nan minti ɗaya da daƙiƙa 42, da amsoshi biyar a gabanki waɗanda sau da yawa biyu ko uku cikinsu suna da kamar gaskiya, ana son wadda ta fi dacewa. Wadda kika sani kin amsa ta kin wuce, ba ta bar miki tabo ba. Wadda ta wahalar da ke ita ce ta biyo ki gida. Idan kin zauna lissafi da dare, guda ashirin ko talatin ɗin nan masu ciwo kike ta juyawa, sauran sama da ɗari kin manta da su. Na ga waɗanda suka fito suna kuka suka ci, na ga waɗanda suka fito suna murmushi suka faɗi.

Kuma ba a tsara jarrabawar don a tsallakar da wani adadi a kayar da saura ba. Kwamitin solisitoci ne ke duba wuyar tambayoyin, su auna abin da sabon solisita a ranarsa ta farko a ofis ya kamata ya iya, daga nan a fitar da makin ci. Tun Janairu 2024 ake juya makin zuwa ma'auni na 500, makin ci kuma 300. Wannan 288 naki ba yana nufin tambaya goma sha biyu kika rasa ba, ma'aunin daban yake da ƙidayar tambayoyi. Abin da yake nunawa shi ne kin zo kusa. Ki kuma sani jarrabawa ce mai kayar da mutane da yawa: a zama na farko, Nuwamba 2021, kashi 53 cikin ɗari ne suka ci SQE1, a Yuli 2024 kuwa kashi 44.

Idan kina cikin zauren WhatsApp da ake tuno tambayoyi ana gwada amsoshi, ki fita yau. Ban da tayar da hankali, duk mai rubuta SQE ya ɗauki alkawarin ba zai fitar da abin da ya gani a ɗakin jarrabawa ba. Hukumar da za ta duba halinki da cancantarki kafin ta sa sunanki a rajistar solisitoci ita ce ta kafa wannan sharaɗin. Bai kamata saƙo ɗaya a waya ya jawo miki tambayoyi a ranar ba.

Maganar zazzaɓin yaro ita ce ta fi taɓa ni, kuma zan gaya miki yadda take ba tare da kwana-kwana ba. Kafin ki fara jarrabawa kin tabbatar musu cewa kina cikin yanayin da za ki iya rubutawa. Wanda wata larura ta same shi yana da kwanakin aiki 5 bayan rufe zangon jarrabawar ya shigar da uzurinsa tare da hujja. Ki duba ranar da zangonku ya rufe a daren nan. Bisa lissafin sati biyu, da alama lokacin ya wuce. Akwai ƙofa ta biyu a ɗaukaka ƙara bayan sakamako, amma ƙunci gare ta, don sai kin nuna dalilin da ya hana ki kawo uzurin tun farko, kuma "na daure ne" ba kasafai yake wadatarwa ba. Duk da haka ki tattara abin da kike da shi: takardar likita, saƙon asibiti, rasidin magani mai kwanan wata. Ki kuma san cewa ko an karɓi uzuri ba a ƙara wa mutum maki. Abin da ake yi shi ne a share wannan zaman daga lissafin damarki uku, wanda a wurinki ba ƙaramin abu ba ne. Mu da muka taso a gida an koya mana cewa kawo uzuri rauni ne, mutum ya cije kawai. A tsarin nan wanda ya cije ya yi shiru shi ke asara. Idan Allah ya sa akwai wani zama a gaba, kika wayi gari ba ki da lafiya ko ba ki yi barci ba, ki san ƙa'idar janyewa tun kafin ranar.

Sakamakon SQE1 yakan ɗauki sati 5 zuwa 6, saura miki kusan wata guda ke nan. Ga aikin da zai cika shi, kuma aiki ne da zai amfane ki ko ta ina sakamakon ya faɗi. Ke lauya ce da aka riga aka rantsar a Najeriya, don haka sharaɗin aikin shekara biyu da ake ɗora wa sabbin masu digiri bai hau kanki ba. Sannan da shekara huɗun da kika yi a Kano kina iya neman a ɗauke miki SQE2 gaba ɗaya. SRA tana duba irin wannan buƙata ɗaya bayan ɗaya, tana son shaidar aƙalla shekara biyu ta aikin lauya, da wasiƙun waɗanda kika yi aiki a ƙarƙashinsu, da takardar da ke nuna ba ki da wani tabo a inda aka rantsar da ke. Kin fi ni sanin yadda karɓo takarda daga gida ke cin lokaci. Ki fara kiran tsohon maigidanki na ofis tun wannan satin. Kada ki yi gaggawar rubuta SQE2 kafin ki nemi wannan sassauci, don ba a ɗauke wa mutum jarrabawar da ya riga ya faɗi. SQE2 tashoshi 16 ce, wato gwaje-gwaje daban-daban, huɗu na baka, goma sha biyu na rubutu, wanda ya faɗi kuma duka yake maimaitawa, sakamakonta yana kai sati 14 zuwa 18. A farashin Satumba 2024 kuɗinta fam 2,902 ne, SQE1 kuma fam 1,888, takarda ɗaya rabin haka, kuma kuɗin yana ƙaruwa. Ku zauna da maigida ku yi lissafin aljihu na hanyoyin biyu. Idan ofishinku ne ya biya miki wani abu, ki ɗauko yarjejeniyar ki karanta abin da ta ce game da faɗuwa, don wasu ofisoshin suna neman a mayar musu da kuɗi, wasu ma suna janye alkawarin aiki.

Ranar sakamako saƙon imel zai zo, ki shiga shafinki na SQE ki gani. Ki nemi hutun ranar idan zai yiwu. Kada ki buɗe shi a bas ko a teburin ofis.

Idan ba ta yi ba, ki ba kanki kwana biyu ko uku, ki yi kukanki, babu abin kunya a ciki. Bayan nan ki ɗauko takardar sakamakon Janairu da ta Yuli ki jera su, don kowace tana nuna makinki fanni-fanni. FLK2 ta ƙunshi dokar filaye da cinikin gidaje, wasiyya da rabon gado, amana, laifuka da yadda ake shari'arsu, sai lissafin kuɗin da solisita ke riƙe wa mutane. A nan ne na fi ganin ilimin gida yana yi wa lauyoyinmu ƙafar ungulu. A FLK1 dokar kwangila da ta diyya sun yi kama da abin da kika karanta a jami'a, tushensu ɗaya. A FLK2 kuwa ke da kika saba da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 da takardar mallaka daga gwamna, an kawo ki tsarin rajistar filaye na dokar 2002. Kin saba da kundin Final Kod na Arewa, ana tambayarki Dokar Sata ta 1968 da dokar 1984 mai tsara yadda 'yan sanda ke tsare mutum da yi masa tambayoyi. Gado kuwa, abin da kika sani na kason magada a kotunan shari'ar Musulunci bai haɗa hanya da tsarin Ingila da harajin gadonta ba. Hatsarin shi ne amsar da ta yi daidai a Kano tana iya kasancewa cikin biyar ɗin nan, hannunki kuma ita zai fara kaiwa. Idan fanni ɗaya ne ya ja ki ƙasa sau biyu, kin san inda ciwon yake. Idan makin ya bazu ko'ina kusa da layi, matsalar ta fi kama da lokaci da dabarar zaɓen amsa, maganinta kuma yawan gwaji da agogo a gaba.

Shawarata a kan dama ta uku: kada ki yi rajistar Janairu don kawai ki huce haushi. SQE1 sau biyu ake yin ta a shekara, Janairu da Yuli, ke kuma ko shekara ɗaya ba ki cinye ba cikin shida. Lokaci kina da shi, dama ce ba ki da ita da yawa. Ki shiga ne bayan kin canza wani abu na zahiri, ko hanyar karatu, ko malami, ko awannin aiki, ko wanda zai riƙe miki yaro a satin jarrabawa, kuma kin ga makinki na gwaji ya wuce layi da tazara sau da dama.

Za ki ji masu cewa ki ɗaukaka ƙara, su kawo miki labarin 2024. Labarin gaskiya ne: a Afrilu na shekarar kamfanin Kaplan, mai gudanar da jarrabawar a madadin SRA, ya amsa cewa kuskuren lissafi ya sa an gaya wa mutum 175 sun faɗi wata takarda ta zaman Janairu alhali sun ci, aka gyara musu. Amma ɗaukaka ƙara tana da wa'adin kwanakin aiki 20, ana biyan kuɗi, kuma ba a sauraron ƙarar da hujjarta ita ce mutum yana ganin amsarsa ce daidai ko ya kusa ci. Idan kina da hujja, kamar ta rashin lafiyar nan, ki shigar cikin lokaci. Idan babu, kuɗin ya fi amfani a littattafai.

Idan kuwa ta yi, alhamdulillah, takardun da kika tara a wannan watan su ne za su gajarta miki hanya. Saura amsar SRA kan SQE2, binciken hali da cancanta, sai neman shiga rajista.

Hajiya kuma, tambayarta ƙauna ce, ba ta san tana fama miki ciwo ba. Ki gaya mata watan da sakamakon zai fito, ki ce ke za ki kira ta da kanki, kafin nan addu'a kike nema. Iyaye mata sun fi samun natsuwa idan an ba su abin yi. Ba dole ne dangi duka su san ranar ba. Mutum biyu sun isa. Rashin barcin nan idan ya ƙara sati bai sassauta ba, ko ya fara taɓa cin abincinki da kula da yaro, ki ga likitanku. Akwai kuma ƙungiyar LawCare da ke sauraron ma'aikatan shari'a da ɗalibanta a Birtaniya kyauta kuma a asirce, kina iya kiran su ko da abin da za ki ce bai wuce wanda kika rubuto mini ba.

Ki sake rubuto mini da makin kowane fanni idan ya fito, mu duba tare. Allah ya sa mu ji alheri.